Albasar Kwaɗin Kaka Rabi

A gidan hayar da na tashi a unguwar Nima babu ƙasar shuka ko taki ɗaya, siminti ne daga ƙofar ɗaki har bakin kwata. Duk da haka kakata, Kaka Rabi, tana da wani tsohon bokitin fenti a bayan randa, a ciki ta dasa albasar kwaɗi. Wata mai sayar da ganye a Kasuwar Malam Atta ce ta samo mata daga arewa, don ita Kaka tun da aure ya kawo ta Accra daga ƙauyensu na Nijar ba ta ƙara taka gida ba.

Ni ta koya wa kula da ita. "Kada ki binne mata wuya," in ji ta. "Da rani kuma ki ƙyale ta, ba mutuwa ta yi ba." Ruwan farko na sauka sai kara ya fito, ya buɗe fararen furanni, kowanne da jan zane a tsakiya. Kwana biyu sun yi yaushi.

Bayan magariba, in ta gama tace gasarar kokon da take sayarwa da safe, sai mu kewaye kurfotin gawayi, mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta, masu Hausa da masu yaren Tuwi. Ta ce, "Ga ta nan tafe da ƙafarta." Mu ce, "Ta shigo, Kaka!" Tatsuniyoyinta na ban dariya ne, har muryar kura take kwaikwaya. Amma duk makon da albasar ta yi fure, guda ɗaya take yi mana.

Wai a wata shekarar yunwa, uwa ta tafi neman hatsi ta bar wa 'yarta ƙanwa mai shekara uku. Kwana biyu ƙaramar na kuka. Sai yayar ta ɗauki fartanya ta nufi fadama, ta tono wasu manyan kawuna, farare tas kamar albasa. Kwaɗo ya leƙo ya ce, "Yarinya, wannan tawa ce, shinshina ki ji." Kukan ƙanwa ya hana ta ji. Ta dafa, ta ba ƙaramar duka, ita ko ɗanɗanawa ba ta yi ba don kada ya kasa. Ƙaramar ta yi ta amai, daga nan ta yi shiru. Uwa ta dawo da gero, ta tarar da mai ci ɗaya.

Nan Kaka take tsayawa. Sai ta tsinki ganyen albasar bokitin, ta murza, ta kai wa kowa hanci. "Kun ji warin albasa?" Mu ce a'a. "To, abin da bai yi warin albasa ba, ba albasa ba ne, ko yunwa ta rantse muku."

Na ɗauka darasin ke nan: a duba kafin a ci.

Ina da 'ya'ya biyu Kaka ta rasu. Ranar sadakar bakwai wata tsohuwa 'yar ƙauyensu, Hajiya Tamu, ta zo daga unguwar Alajo. Tana alwala a bayan randa ta ga bokitin, ta ajiye buta.

"Lā ilāha illallāhu. Ashe Rabi ba ta yafe wa kanta ba."

Na ce, "Me ta yi, Hajiya?"

"Ba ta faɗa muku ba, 'yata? Abin nan ne ya ci Hajara, ƙanwarta. A lokacin shekarun Rabi tara. Uwarsu ba ta taɓa yi mata gori ba, ita ce dai ta kasa haɗa ido da uwar."

Na zauna a kan siminti. Sai a lokacin wani maraice ya dawo mini, ina 'yar shekara goma, bakina ya fi hankalina sauri. Kaka na rufe baki daga tatsuniyar na ce, "Kaka, yarinyar nan wawuya ce. Ita ta kashe ƙanwarta." Yara suka kwashe da dariya. Kaka ta ɗauki mafici ta yi ta fifita garwashin da ba a dafa komai a kai. Can ta ce, "Haka ne, jikata."

Yanzu na san ba gargaɗi kaɗai take mana ba. Shekara da shekaru tana kawo ƙarar kanta gaban yara, tana jiran ɗaya ya ce yarinyar ba ta da laifi, so ne ya sa ta ba da duka. Ni kaɗai na taɓa yanke hukunci, kuma ta karɓa.