Kujerar Aski a Shagon Kawu Kunne

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya fi shekara talatin yana gyaran rediyo a wani ɗan shago tsakanin mai aski da mai ɗinkin labule. Ba wanda ke kiran sunansa na gaskiya. Kunne ake ce masa, don tun mai rediyo bai gama dire ta a kan tebur ba, ya riga ya ji inda take ciwo.

Da rediyo ta ja baya, sai aka shiga yayin sifikun nan na falo: babba guda a ƙasa, da ƙanana biyar da ake kewaye ɗaki da su don mai kallon fim ya ji kamar da shi ake yi. Kawu yana kiran babbar uwa, ƙananan kuma 'ya'ya. Masu tsadar ba su leƙo layinmu. Masu arahar ne suka cika kantuna, kwali na sheƙi, ciki kuwa sai yadda ka gani. Sai mutane suka koyi wayo, kafin su saya su roƙi mai kanti ya bari a kai wa Kunne ya saurara.

Ba ya gwaji da kiɗa, wai kiɗa rufa wa sifika asiri yake yi. Wani tsohon faifai gare shi mai abu uku: ruwan sama a kan kwano, wata mata tana magana ƙasa-ƙasa, sai ƙwanƙwasa ƙofa daga baya ta hagu. Yakan ce, "In matar nan ta yi magana ka ce me ta ce, mayar musu da kayansu." Babu abin da ke ƙona masa rai irin ya shiga gida ya tarar an jera 'ya'yan nan biyar reras a gaban talabijin don baƙi su gani. "Biyun nan na bayan kujera ne! Ka sayi kewaye ka mai da shi layin 'yan makaranta?"

Bara wata malamar asibiti ta kawo masa sababbin sifiku a kwali. Mahaifinta ne idonsa ya yi rauni, fim ɗin da yake so yanzu da kunne yake binsa. Ina shagon ranar, na kai wa Kawu saƙon Inna. Ya jona wayoyi, ya sa faifai, ya lumshe ido. Da aka gama ya ce ta baya ta hagu matacciya ce.

Malamar ta dube ni, na dube ta. Mu biyun mun ji ƙwanƙwasar nan raɗau.

"Baba," ta ce a hankali, "ai tana yi."

Ya sake sakawa. Ya juya kansa kaɗan, sai na ga fuskarsa ta canza. Asibiti suka tabbatar kunnen hagu ya tafi. Kawu ya rufe shago, ya koma gida ya zauna, mako uku ko rediyo bai kunna ba. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, don duk lallashin da muka yi amsa ɗaya yake ba mu: "Wa zai kawo kaya wurin Kunne mai kunne ɗaya?"

Mai aski ne ya kawo ƙarshen zaman. Abokin tsokanarsa ne tun suna samari. Ya sa na karɓo makullin shagon, ya jawo tsohuwar kujerarsa mai juyawa, wadda fatarta ta yage, ya dasa ta a tsakiyar shagon Kawu, sannan ya aika a ce masa ɓarayi sun shiga. Kawu ya zo yana haki.

"Ga ɓarawon," in ji mai aski, ya nuna kujera. "Ni in zan aske gefen hagu, sabon hannu nake tsirowa? Juya mutum nake yi. Zauna, malam."

Kawu ya zage shi tas, amma ya zauna. Ya tura ƙasa da ƙafa, kujera ta juya da shi. Ya sake turawa. Washegari shago a buɗe yake.

Ni na kira malamar, ashe ba ta kai ga saye ba. Da ta dawo da kayan, Kawu bai ɓoye mata ba: "'Yata, kunne ɗaya ya rage mini, amma zan ba kowace sifika shi ita kaɗai." Ya bi 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, yana juyawa yana kara musu kunnen dama. Da ya zo kan ta tsakiya, wadda magana ke fitowa ta cikinta, sai ya ɗaga hannu. Wai tana zuza kamar ƙudan zuma in murya ta yi ƙasa. Muka matso mu masu kunne bibbiyu, sai a lokacin muka ji. Ga mai bin fim da kunne kuwa, ita ce komai. Aka mayar, aka sauyo wasu.

Kawu da kansa ya je gidan mahaifin malamar ya haɗa su, na bi shi da jakar kayan aiki. Ya kafa biyu a bayan kujerar tsohon, ya sa faifansa. Ruwa ya sauka, matar ta yi maganarta, tsoho yana gyaɗa kai. Da aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ya waiga hagu ya ɗaga murya: "A shigo mana!"

Kowa ya fashe da dariya, ta Kawu har da hawaye. A hanya ya ce mini, "Ni ban ji ta inda aka ƙwanƙwasa ba. Amma kin ga shi ya ji."