Yayana da Murfin Tukunya

Yayana mai wanke wurin ninkaya ne a wani otal. Da sassafe, kafin baƙi su tashi, zai tsame ganye da raga, ya zuba magani, sannan ya faɗa ruwa shi kaɗai. A nan ya ƙware, babu mai kallo sai ƙadangaru. Tarwaɗa muke ce masa.

Matsalarsa kunne. In an je gasa, da jama'a sun fara ihu sai ya rikice, numfashi ya ƙwace masa, ya sha ruwa kamar an biya masa. Bana kuwa ita ce damarsa ta ƙarshe ta shiga ƙungiyar 'yan ninkaya da ake zaɓa, don baɗi shekarunsa sun wuce. Mutum uku za a ɗauka.

Kocinsa, wani dattijo mai tumbi da ban taɓa ganin ya jiƙa ƙafa ba, ya ce maganin hayaniya shi ne a saba da ita. Aka nemi wanda ya fi kowa surutu a gida. Umma ko ɗaga kai ba ta yi ba ta nuna ni.

Kullum in yana ninkaya nakan bi gefen ruwa da murfin tukunya biyu, ina bugawa ina zaginsa. Na ce kwaɗo ya fi shi fasali, na ce budurwarsa ta koma wa mai gyaran waya. Da fari yakan tsaya ya watso mini ruwa. Daga baya kowane bugu ya zama jan hannu ɗaya. Koci ya duba agogo, ya ce an gama.

Ranar zaɓe aka ce ba a shiga da 'yan kallo. Mai gadi ya karɓe murafan, ya bar ni a taga. Ciki tsit, har ɗigar famfo ana ji. Aka busa usur, Yaya ya faɗa daidai, amma a tsakiyar ruwa na ga ya sassauta, ya ɗago kai yana nema na. Na daki gilashi har hannuna ya kumbura. Bai ji ba.

Na huɗu ya zo.

A hanya na fara cewa laifin Koci ne.

"Don Allah, auta," ya ce, "yau dai yi shiru."

Washegari ya ɗauki ragarsa ya tafi otal. Bai ɗauki wandon ninkaya ba.