Mai Jawo Nesa

A shekarun da kuɗin mai suka sake tumbatsa, har yayyafinsu ya iso mana Tambuwal, yayana ya zama ɗan kwangila. Kwalbati yake ginawa. Ba zan ce komai a kan kwalbatocin ba, damina ta riga ta faɗi nata. Abin da na gani da idona shi ne cikin ɗan lokaci ya ajiye tumbi, ya sayi mota, ya riƙe wayar hannu biyu, ya kuma koyi wani gyaran murya da yake yi kafin ya yi magana, ko da maganar ta a miƙo masa buta ce.

Ana cikin haka wani alhaji mai kanti a bakin titi ya dawo daga ƙasar waje da kyamarori biyu na zamani, irin waɗanda ba a sa musu fim, kana dannawa hoto ya fito a ɗan gilashin baya. Dukansu masu jawo nesa ne, in an murza wani maɓalli sai hancinsu ya miƙo gaba, abin da ke can ya dawo nan. Ɗaya baƙa ce mai nauyi, an rubuta a jikinta tana jawowa sau goma sha takwas. Ɗayar mai ruwan azurfa, sau goma sha biyu. Yaya ya ce zai sayi ɗaya don ɗaukar hoton ayyukansa, shi ke nan majalisarsu ta gindin dogon yaro ta samu aikin yi.

Mijina ɗan majalisar ne, shi yake kawo mini rahoto. A cikinsu babu wanda ya taɓa ɗaukar hoton ko kaza, amma kowa ya zama malami. Wasu suka ce lamba ita ce magana, takwas ta fi biyu ko a gaban alƙali. Wani ya auna su a tafin hannu ya ce nauyi shi ne ƙarko. Wani ya ce mai ruwan azurfa ta mata ce, bai kawo hujja ba, kuma ba wanda ya nema. Alhaji mai kanti kuwa, wanda shi ma bai san abin da yake sayarwa ba, ya ɗaga baƙar sama.

"Wagga," in ji shi, "kana tsaye nan, mutum na can garin Jabo shina alwalla, sai ka ƙidaya yatsunai."

Aka tambaye shi ɗayar fa. Ya taɓe baki ya ce ita ma tana jawowa, amma iyakarta tasha.

Sun gwada baƙar a kan lambar wata babbar mota da ke tsallaken titi. Lambar ta dinga tsalle a cikin gilashin, ba wanda ya iya karanta ko harafi. Alhaji ya ce ai motar ce ke motsi. Motar nan ta kwana biyu a kan duwatsu, an cire mata ƙafa.

Da musun ya ƙi ƙarewa, sai ga Yaya a gidana da kwalaye biyu a hammata. Ni ce autarmu, kuma ina koyarwa a firamare, saboda haka duk wani Turancin da ya gagari dangi ni ake kawo wa. Na karanta masa abin da ke jikin kwalayen. Baƙar ta fi jawowa, gaskiya ne. Amma ƙaramar tana da wani abu a ciki da yake tsai da hoto in hannun mutum yana rawa, baƙar ba ta da shi. Na ce masa duk yadda ka ƙara jawo abu, haka rawar hannunka take ƙaruwa a hoton.

"Hannuna ba shi rawa," in ji shi.

"To kwalbati dai ba gudu taka yi ba, Yaya. Ka matsa kusa da ita mana. Ko tsoro kaka ji ta faɗo maka?"

Bai yi dariya ba, bai kuma yi gyaran muryar ba. Ya duba ƙofa ya ga ba kowa, sannan ya rage murya.

"Wace ta ka iya kamo fuskar mutum bai sani ba?"

"Fuskar wa?"

"Ta Inna."

Yaya ɗan fari ne, kuma mahaifiyarmu ta riƙe kunyar ɗan fari kamar ita ta ƙago ta. Ana yaye shi aka miƙa shi ga kakarmu, can ya girma. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan", ko "yayanku". In ya je garinmu Kebbe gaishe ta, zai tuɓe takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta juya wa ƙofar baya, ta jawo mayafi, ta amsa wa bango gaisuwa. Mata suna yaba mata a kan wannan, in ana neman misalin mace mai kunya ita ake kirawa. Ban taɓa jin wadda ta tambayi yaron yadda ya ji ba. Mu na baya kuwa, musamman ni, a kan cinyarta muka yi wayo, har yau ina iya kwance mata ɗankwali in ce bai ɗauru ba.

A daminar shekarar Inna ta yi wani ciwo da ya tsorata mu, har aka tara mu. Ta tashi, amma ta tashi da sanda. Ko a kwancen nan, da Yaya ya shigo, sai da ta lallaɓa ta juya fuska.

Na ce masa ai akwai hotonta na katin zaɓe. Ya zaro shi daga aljihu, ashe ya sa an wanke masa. Inna ce a daskare, ido a ƙasa, baki a ɗaure, kamar an kawo ta gaban hukuma. Haka take yi da zarar ta ga kyamara, ko wa ke riƙe da ita.

"Ku duka kuna faɗin tana da wushirya," in ji shi. "Ni ban taɓa gani ba."

Mutum mai furfura a gemu, mai mota da waya biyu, yana zaune a tabarmata yana gaya mini bai taɓa ganin haƙoran uwarsa ba. Tausayinsa ya kama ni, haushi ma ya kama ni, ban san wanda zan ji haushin ba. Na ce ya ɗauki ƙaramar, domin ranar da zai auna Inna hannunsa sai ya yi rawa, ko ya yarda ko bai yarda ba. Ya ce to. Washegari ya koma majalisa, aka tambaye shi ko ƙanwarsa ce yanzu take zaɓa masa kaya, ya fito daga kantin Alhaji da baƙar rataye a wuya.

Muka shirya yadda za a yi. Gidanmu na Kebbe a ƙarshen gari yake, kuma da kaka Inna takan fito bayan gida, gindin wata tsamiya, ta zauna tana ɓarzar wake. Ni zan zauna da ita in ja ta da hira har ta yi dariya. Shi kuma zai ajiye mota can bakin hanya, ya shigo gonar maƙwabci ya ɓuya, ya jawo ta.

Zuwan farko na yi aikina. Na kwaikwayi tafiyar surukata, na kwaikwayi yadda mijina yake cin tuwo, Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Na ce yau an gama. A hanyar komawa Tambuwal na karɓi kyamarar ina dubawa. Hoton farko karan dawa ne. Na biyu karan dawa ne da wani abu fari a bayansa, wataƙila Inna, wataƙila tunkiya. Na uku sama ce. Akwai wani da ya fito tangaran, na gindin turmi.

"Yaya, a kwance ka ɗauka?"

"A durƙushe."

"Don mi?"

Ya kalle ni kamar na yi saɓo. "In tsaya tsaye bisa kan Inna?"

Tsakaninsa da ita akwai gona guda. Ba ta san yana nan ba. Amma da ya ga fuskarta ta taso masa a gilashi, sai gwiwarsa ta yi abin da ta saba, ta kai ƙasa. Da na ga yana tuƙi yana cije leɓe sai na dubi ƙafarsa, ashe har takalmi ya tuɓe, a cikin ƙarangiya. Na yi dariya har direban wata mota da muka wuce ya waiwayo. Shi ko bai ga abin dariya ba, cewa ya yi kyamarar ce ba ta da saiti.

Zuwa na biyu ya yarda zai ɗan ɗago. Wannan karon ya samu Inna, amma a rarrabe. Ga kunne, ga gefen ƙwarya, ga gwiwar hannu, duk sun narke kamar an shafa musu ruwa. Abin da na faɗa masa ne ya faru, sau goma sha takwas ɗin nan ta ninka masa rawar hannu sau goma sha takwas. Kuma ya faɗa mini da bakinsa cewa in zai danna, rufe ido yake yi. Ban ce "ai na gaya maka" ba. Na dai tambaye shi ko 'yan majalisa za su zo su riƙe masa hannu.

Ya haɗiye girman kai ya koma wurin Alhaji neman musanya. Alhaji ya ce ƙaramar ta tafi, wani daga Dogon Daji ya saye ta zai riƙa ɗaukar biki. Ya ƙara da cewa dama ita ce mai kyan, shi tun farko ya sani. Majalisa ma ta juya gaba ɗaya, har wanda ya ce ta mata ce ya rantse bai faɗa ba. Yaya ya dawo da baƙarsa a wuya, ta zame masa ƙarfen ƙafa.

Ana nan wake ya kusa ƙarewa, sanyi ya fara shigowa, kuma na san in ya kankama Inna za ta koma ɗaki, ba mai sake ganinta a waje sai bazara, in Allah ya kai mu da ita. Ban faɗa wa Yaya wannan ba, ya fi ni sani. Na dai ce masa tunda hannunsa ya ƙi, ya nemi abin da ba ya rawa. Ya matso da mota gefen gonar, ya ɗora kyamarar a kan rufinta, ya tsaya a tsaye kamar kowane ɗan Adam, ya buɗe ido.

"Za ta gan ni," in ji shi.

"Tsohuwar da ba ta iya zura zare a allura? Yaya, ka bari."

Ranar hantsi ya ɗaga sosai kafin mu isa. Na sauka tun daga nesa na zagayo ta cikin gari. An riga an girbe dawar maƙwabcin, an kwantar da karan, fili ya buɗe. Daga gindin tsamiya ina hango motar ƙarama, da farar rigar Yaya a jikinta. Na zauna ta yadda nake tsammanin na tare wa Inna ganin motar, na ɗauko labarin da na tanada, na wata malamar makarantarmu da akuya ta cinye wa jarrabawar yara.

Inna ba ta yi dariya ba. Na ƙara gishiri, ba ta ma ji ni ba. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar wake. Idonta ya wuce kafaɗata ya tafi can, bai dawo ba. Na san fuskar Inna a fushi, na san ta a raha, na san wadda take yi mini in na yi shirme, amma wannan ban san ta ba, duk da ni ce auta. Bakinta ya ɗan buɗe, wushiryar ta fito, ba kuma dariya take yi ba. Kallo take yi a hankali, daga sama har ƙasa, irin na wanda ba ya tsoron a kama shi.

"Wancan ya rame," in ji ta, ba da ni take ba.

Ta ƙara ƙura masa ido, ta ce:

"Wancan zuwan ma na lura, da yad duƙa cikin kara. Ba shi cin abinci halan?"

Mutumin da tumbinsa yake riga shi shiga ɗaki. A wata rana da na yi mata tsiya a kan wannan har sai ta kore ni.

"In kin koma ki ce mai shi riƙa sa hula," ta ce. "Rana na dukan kainai."

Ta ci gaba da kallonsa, hankalinta kwance, domin a saninta daga nan zuwa can ba mai iya ganin inda idon mutum yake. Na juya a hankali. Yaya yana sunkuye a kan rufin motar, fuskarsa a jikin kyamara, ya daɗe bai motsa ba. Sannan na ga ya ɗago. Ya saki kyamarar, ya juya ya dubi bayansa. Ya duba dama, ya duba hagu, har ya ɗan matsa gefe don kada ya tare wanda Inna take kallo.

Babu kowa a bayansa, sai gonar da aka girbe da hanyar Tambuwal.