Sunan da Inna Ba Ta Furta Ba

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isa, amma har yau in na ji ihun samari daga gidan kallon ƙwallo a Birnin Kudu, sai in ga kamar shi ake wa tafi.

Kafin a sami 'yancin kai, lokacin da ƙasashen yammacin Afirka suka fara karawa da juna a ƙwallo, Baba yana cikin samarin da aka gwada a Kano. A makaranta Isa Gwaram aka rubuta shi, amma a garinsu Basirka kowa Ɗanjuma ya sani. Aka ce ya koma gida, za a aiko. Ya jira har aka gama girbi, aka yi gasar babu shi. Tun daga nan ya ɗauka ƙafarsa ce ba ta kai ba.

Kakata Inna ce ta tona mini, dab da rasuwarta. Ashe masinja ya zo da takardar kira a kan keke, ya same ta a bakin rijiya cikin mata, Baba yana gona. Ya ce, "Inna, ko kin san Isa Gwaram?" Ɗanta ne na fari, ba ta taɓa furta sunansa ba, balle ta amsa nata ne a gaban jama'a. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ban san shi ba." Masinja ya juya da takardarsa.

Shekara da shekaru maganar tana cin zuciyata. In na faɗa, ina tsoron ya riƙe mahaifiyarsa a rai tana cikin kabari. In na yi shiru, zai tafi yana raina kansa.

A gadon jinyarsa ya dube ni ya ce, "Hadiza, da na iya, ai da sun aiko, ko?"

Na zayyana masa komai. Har na fara nadama. Can hawaye ya gangaro masa.

"Ashe sun aiko," in ji shi. Sai ya yi murmushi. "Inna ke nan! Ko Gwamna ne ya tambaye ta, ba za ta faɗa ba. Allah ya jiƙanta."

Yau da waya ke gano mutum ko yana tsakiyar gona, da yana raye ban san ko dariya zai yi ko kuka ba.

Bai bar kofi ba, bai bar hoto ba. Suna ya bari, ɗana na fari ne ya ci shi. Ni ma ba na furtawa. Amma duk baƙon da ya yi sallama yana nemansa, ba na sunkuyar da kai. Cewa nake, "Yana ciki."