Allin da Iya Ba Ta Yarda da Shi Ba

A shekarar da aka daina fam aka koma naira, ranar wata Laraba da la'asar, na dawo gidanmu na Gafasa da guntun allin makaranta a ƙulle a bakin ɗankwali. Na tarar da kakata Iya a gindin rumbu tana kaɗi, mazari na juyawa, tana dangwalar nata allin don kada zare ya zame mata. Da hannunta take yinsa. Ƙashin saniya take ƙonawa har ya yi fari, ta daka, ta cura. Ni kuwa sarkin rawar kai, sai na miƙa mata nawa ina jiran yabo.

Ta juya shi, ta sansana, ta ɓata rai. A saninta alli daga ƙashi yake fitowa, kuma wannan farin nasa ya yi yawa. "Ƙashin wace dabba ne, kuma wa ya yanka ta?" Nan take ta sa na wanke hannu da toka, ta ce ni da makaranta sai dai hange. Wayyo, na sha kuka! Babana bai iya musu da ita. Malaminmu ya tako har zaure, ya rantse cewa farin dutse ne ake sarrafawa a masana'anta. Iya ta ce daga bayan zana, "Yaro, dutsen da ke murƙushewa a hannu? Kai ma gaya maka aka yi."

Kwanaki ina surfe da ɗiban ruwa, ina hango tsararrakina suna wucewa. Rannan na leƙa na ga Iya ta sa tsinke biyu ta ɗauko allin makarantar, ta shafa a yatsa tana a'uziyya, ta murza mazari. Zaren ya ƙi kamuwa yadda ta saba. Ta sake, ya ƙi. Ta yi tsaki: "Wannan ko ƙashin kaza bai kai ba. Tashi ki tafi bokonki."

Yau garin dutsen nan yana cikin fenti da takarda da man goge baki, muna ta amfani ba mai tambaya. Har farar ƙwayar ƙwannafin da Iya ta riƙa tsotsa a ƙarshen rayuwarta, tana sa mini albarka, da shi aka yi ta. Ina kewar tsohuwar nan ƙwarai. Tun da ta rasu ban sake jin wanda ya tambayi wa ya yanka ba.