Inna Mai Keke da Butar Shayi

'Ya'yan Inna Mai Keke sun daina kiranta tun ranar da suka sa mata na'urar lura da wutar lantarki a gida.

Mace ce da ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan keken ɗinki. Da shi ta rene su su uku bayan rasuwar ubansu, har idonta ya daina ganin kafar allura. Yanzu aiki ya kai kowa nesa. Da babban ya zo hutu, sai ya taho da mai haɗa wuta, aka liƙa wani ɗan akwati kusa da mita. Ya nuna mata a wayarsa: ga fanka, ga firji, ga butar shayi, kowanne da layinsa. Ta kunna butar, layin ya yi tsalle. Ta yi dariya har da tafi, ta ce wato yanzu ko tari ta yi za su ji.

Ba ta san abin da take wa dariya ba. A da, kowace safiya sai ɗayansu ya kira ya ji yadda ta kwana. Yanzu waya kawai suke dubawa: buta ta tafasa, Inna ta tashi lafiya, shi ke nan. Ita kuwa tana kan kujerarta ta bakin taga, waya a cinya, tana goge fuskar wayar da bakin zane.

Wata safiya ciwon gwiwa ya hana ta tashi, ba ta kunna komai ba. Kafin hantsi waya ta ɗauki ƙara. Autarta ce, tana tambayar ko lafiya. Suka sha hira, har labarin haƙoran jikanta sai da ta ji. Inna ba yarinya ba ce, ta gane. Da kewa ta ishe ta, sai ta dafa ruwanta a kan risho, ta bar butar a kashe. Na tsakiyan ya kira. Ta sake, autar ta sake kira.

A karo na gaba ba wanda ya kira. Mai haɗa wuta aka turo ya duba ko na'urar ce ta lalace. Ta ba shi kujera, ta haɗa masa shayi, ta riƙe shi da tambayar matarsa da yaransa har shayin ya huce. Ya gwada komai, ya ga rishon, ya koma ya faɗa wa wanda ya aiko shi gaskiya.

Da la'asar babban ya kira.

"Inna, don Allah ki daina tayar mana da hankali. Aiki fa muke yi. Ki riƙa kunna butar nan."

"To, ɗan nan, zan kunna. Ya yaran?"

"Lafiyarsu lau. Zan kira ki."

Tana kunnawa. Ko ba ta marmarin shayi sai ta dafa bango ta je ta danna. Ruwan ya tafasa, ya huce, ta zuba wa shukar bakin ƙofa. Wuni guda ƙarar butar nan ce kaɗai muryar da ke tashi a ɗakin, kuma a wayoyi uku an rubuta komai lafiya.

Ku ukun nan, ba wanda ya ce ku cire na'urarku. Amma ku ji kunya. Mako kwana bakwai ne, ku raba shi tsakaninku, kowa ya san ranarsa, kuma kada wanda ya ajiye waya sai ta gama maganarta. Kai babban, kai ka ce za ka kira. Gobe da safe ka fara.