Shinkafar da ke Nuna a Kan Keke

Ranar da na je satar keken yayata, ni ne na kwashi kashina a hannu. Na bari sai da na ji ta shiga wanka, na lallaɓa na jawo keken daga bayan ƙofar kicin, na ɗora ƙafa zan hau kamar saurayi. Ban kai bakin ƙofar gida ba sarƙa ta cafke ƙafar wandona, na yi sama, na sauko zaune daram cikin bahon da karenta ke shan ruwa. Karen nan, Soja, tun da aka kawo shi gidan bai taɓa yi wa ɓarawo haushi ba, amma ranar sai da ya tara mini maƙwabta.

Yaya ta fito da tawul a kai, ta dube ni, ta dubi keken.

"Auta, wa ya aiko ka?"

Ni mai aski ne, furfura ta cinye mini rabin kai, ina da jikoki, amma a bakin Yaya har gobe Auta nake. Kuma gaskiya aiko ni aka yi. 'Yarta, wadda ke aikin nas a wani gari mai nisa, ta ji labarin uwar ta faɗi a kan keke ta kuje gwiwar hannu. Ta bugo mini waya ta ce: "Kawu, ko ka raba Mama da keken nan, ko in zo in kwashe ta ta dawo wurina." Yaya kuwa ta gwammace a cire mata haƙora da a fitar da ita daga gidanta.

Bari in gaya muku wacece Yaya. Ta yi rabin rayuwarta tana dafa wa 'yan makarantar kwana abinci, a tukwanen da in ka faɗa ciki sai an miƙo maka tsani. Mijinta kafinta ne, keken nasa ne. Da ya rasu muka ce a sayar. Ita kuwa ta ɗaura ɗankwali, ta fita filin bayan coci da sassafe, ta yi ta faɗuwa tana tashi har ta iya. Tun daga nan ba ta ƙara tsayawa jiran mota ba. Kasuwa a keke, asibiti a keke, sujada a keke, Littafi Mai Tsarki a kwandon gaba an naɗe shi cikin leda saboda ruwan sama.

Gidanta kuwa ba abin da ke mutuwa a cikinsa. Gwangwanin madara ya zama tukunyar shuka barkono, ruwan wankin shinkafa na alayyahu ne, tsohuwar rigar mijinta ce shimfiɗar Soja. In ka jefar da ɓawon albasa a gabanta za ta dube ka kamar ka zagi Fasto.

Babban aikin keken shi ne ranar Lahadi. Bayan an tashi daga sujada takan dafa abinci ta kai wa wani tsoho da ya yi shekaru yana jagorancin mawaƙan coci, kafin idanunsa su rufe, ƙafafunsa su ƙi ɗaukarsa. Kowa Baba Mawaƙi yake ce masa. Yana can ƙarshen gari, bayan tashar jirgin ƙasa.

Da wandona ya bushe na kawo shawara. Na ce Lahadi mai zuwa ni zan kai ta a motata, ta ɗanɗani zaman kujera mai laushi, in ya so mu huta da rigimar 'yarta.

"To," in ji Yaya.

Da na san ta sosai, da wannan "to" ɗin ya hana ni barci.

Lahadi na same ta a kicin. Shinkafa da kifi ta ɗora, amma ruwa na fara tafasa sosai sai ta kashe wuta. Ta rufe tukunyar, ta naɗe ta da tsohon bargo, ta ƙara tawul, ta ɗaure da igiya kamar jaririn da za a fita da shi cikin sanyi.

"Yaya, ai ba ta nuna ba."

"A hanya take nuna. Zafin da ke cikinta ya ishe ta. Gas ɗin ubanka ne da zan ƙona har ƙarshe?"

Ashe haka take yi kullum. Tsawon tafiyar keke daga gidanta zuwa gidan tsohon shi ne daidai abin da shinkafar ke bukata. Ni kuwa na taka mota ina fito, na bi babban titi, kafin ta gama gyara zama mun iso. Na buɗe mata ƙofa ina washe baki.

Ɗakin Baba Mawaƙi ƙarami ne, gado ɗaya, kujera ɗaya, sai rediyon da aka ɗaure wa murfin batir da roba. Yana jin takunta ya miƙe zaune.

"Yau kin yi sauri, 'yata. Ban ji ƙararrawarki ba."

"A mota na zo, Baba. Ga ƙanena, mai aski."

Muka gaisa. Yaya ta ajiye ƙunshin a gefe ta ce sai an jira. Tsohon ya gyara zama, ya juyo da kunnensa wajenta kamar mai jiran a fara waƙa.

"To, matar mai burodi ta sauka kuwa?"

"Ban sani ba, Baba. A mota na zo."

"Mai facin taya fa, an sallamo shi daga asibiti?"

"Ban bi ta wurinsa ba. A mota na zo."

"Maganin ɗigon idona?"

"Mai kemis tana cikin lungu, mota ba ta shiga."

Duk amsar da ta bayar sai ta kalle ni da fuskar waliyyiya. Sai a lokacin na gane abin da take ɗaukowa a kwandon nan. A kowace kwana akwai wanda take ja wa birki: wannan ya ba ta saƙon gaisuwa, waccan ta miƙo magani, mai kifi ya ajiye wa Soja kawuna. Tsohon da ba ya fita, da keken Yaya yake zaga gari.

Na ce bari in rufe ɓarakar, ai labari sana'ata ce. Na kawo na ƙwallo, na kawo na wani da ya yi barci ina masa aski har na aske masa gira. Tsohon ya yi dariyar ladabi, ya tambaye ni ko na san mai facin taya. Ban san shi ba.

Kunya ta haɗu da yunwa. Yaya na fita ɗauraye faranti, na kwance igiyar, na ɗaga murfi don in duba. Tururi ya tashi ya buge ni a fuska, ya tafi abinsa, bai dawo ba. Shi ke nan, shinkafa ta tsaya inda take.

Yaya ta dawo ta zuba masa. Baba Mawaƙi ya yi addu'a mai tsawo, ya gode wa Ubangiji saboda hannun da ya dafa, da wanda ya kawo, muka ce amin. Sannan ya fara tauna da 'yan haƙoran da suka rage masa. Ina jin ƙarar kowace ƙwaya. Ya cinye kifin tas, ya ce yau ba ya jin yunwa sosai. Na yi aski a gidajen makoki da yawa, ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba.

Washegari na kira 'yarta. Na ce, "'Yata, in kika ɗauke uwarki, mutum biyu za ki kwantar, ita da wani tsoho. Ki bar mini keken, ni zan tsaya a kansa." Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta kira ni maci amana, daga ƙarshe ta kafa sharaɗi: sabon birki, fitila, da hular kwano. In uwar ta ƙi hular, magana ta koma farko.

Na kai keken aka gyara, na sayo hula ja, na tafi da shirin rigima, don Yaya ko takalmi sabo sai an yi shari'a take sawa. Na same ta tana tsince wa Soja ƙaya daga kan kifi. Na zuba wa'azi: darajar kai, sakacin direbobi, hawayen 'ya mace, har aya na jawo wadda ban tabbata a wane littafi take ba. Ta bar ni na gama. Sannan ta karɓi hular, ta ɗora a kan ɗankwalinta, ta ɗaure igiyar a haɓa, ta leƙa fuskarta a murfin tukunya.

"Ta zauna," in ji ta. "Zan sa."

"Yauwa! Kin ga yanzu ko kin faɗi, ba abin da zai zube."

Ta jawo keken, ta taka feda sau ɗaya don jin birkin, ta waiwayo.

"Auta, koma shagon da ka sayo ta ka tambaya ko suna da ta baki. Kai ne kullum kake haɗari."